Cin abincin alfarma a wuraren wasa irin su Disneyland: me ake saya da kuɗin?

Hajiyar Zariya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu sani. Iyalin da za su kai yara Disneyland ta Paris ko otel ɗin Atlantis na Dubai a babban hutu, in suna son su ware dare ɗaya su zauna a gidan abinci na alfarma, irin wanda ake jero faranti bakwai ko takwas, me ya kamata su sani tun suna Maraɗi? Yara suna iya zama? Maganar halal fa?

Ɗan Gulbi: Wa alaikumus salam Hajiya. A fara raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai gidajen abincin da ke cikin filin wasan kansa, kamar Auberge de Cendrillon da Walt's a babban filin Paris, ko Bistrot Chez Rémy a fili na biyu da aka buɗe a 2002. Waɗannan ana zama a tebur, ana kawo faranti uku, wurin ya sha ado, amma abin da aka fi saya a ciki shi ne adon da hoton yara. Sai kuma waɗanda ke cikin otel-otel na wurin, nan ne ake girki na gaske. A Paris akwai La Table de Lumière cikin Disneyland Hotel, wanda aka sake buɗewa a Janairun 2024 bayan gyara. Bambancin da ke cin kuɗi: na cikin fili ba ka shigarsa sai da tikitin filin na wannan ranar, ko da abinci kaɗai ya kawo ka. Na otel ba ya bukatar tikiti. To iyalin da suka sayi tikitin kwana biyu, kada su sa teburin cikin fili a rana ta uku.

Alhajin Mokoyo: Ni abin da ban gane ba shi na, mi za shi sa mutum ya biya kuɗin buhunan hatsi don a aje mashi nama kamar kan ashana tsakiyar faranti. Ku faɗa mana kuɗin tukuna.

Ɗan Gulbi: Ranka ya daɗe Alhaji, ga lissafi. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, ba ya motsi. Lokacin da La Table de Lumière ya buɗe a 2024, babba Yuro 120 ne, yaro Yuro 60. Uba da uwa da yara biyu Yuro 360 kenan, wajen jikka 236. A duba sabon farashi a manhajar wurin kafin a yi kasafi, don ana ƙara shi lokaci lokaci. A Paris farashin yara daga shekara 3 zuwa 11 ne. A Disney World ta Amurka kuwa daga 3 zuwa 9, yaro mai shekara 10 kuɗin babba zai biya.

Kukun Bagalam: Baba Alhaji, bari in kare sana'a. Farantin farko da ka gani kamar kan ashana ba ya cikin lissafin, gaisuwar kuku ce, Faransawa suna ce mata amuse-bouche, loma ɗaya ce. Bayanta burodi da man shanu, sai abin buɗe ciki mai sanyi ko mai ɗumi, sai kifi, sai nama, wani wurin cuku, sai wani ɗan abu mai tsami da sanyi don ya wanke baki, sai kayan zaƙi, sai ƴan alewa tare da shayi ko kofi. Kowane ɗaya ƙarami ne da gangan. Kifin bai fi tafin hannun yaro ba, naman ma haka. Amma in ka haɗa su takwas da burodin da ake ta ƙarowa, nauyin ya kai babban faranti guda har ya ɗara. Wanda ya fita da yunwa yawanci wanda ya ƙi rabin farantan ne don bai san abin da ke ciki ba.

Kuɗin kuma ba na naman ba ne. Romon da aka ɗiga cokali biyu a gefen naman, ƙashi ne aka gasa, aka dafa shi sa'o'i da yawa, aka tace, aka ci gaba da ƙone ruwan har babbar tukunya ta koma ƴar kwanya. Akwai mai kifi daban, mai nama daban, mai miya daban, mai kayan zaƙi daban. Hannayen nan ake biya.

Alhajin Mokoyo: To ai miyar taushe ma wuni take bisa wuta, ba a ce a biya jikka 80 ba.

Kukun Bagalam: Gaskiya ne Baba. Ita dai ba a biyan hayar Paris a kanta.

Injiniyan Burja: In ana maganar na alfarma na ƙarshe, ai sai Amurka. Victoria & Albert's da ke otel ɗin Grand Floridian a Disney World, jihar Florida, ya samu tauraron Michelin, lambar yabon da littafin Michelin ke ba gidajen abincin da suka yi fice, a 2024, shi ne na farko a duniya a wurin wasa.

Ɗan Gulbi: Injiniya, gyara kaɗan. Na farko a Amurka dai. Jamus ta riga su da nisa. A Europa-Park, garin Rust kusa da iyakar Faransa, akwai Ammolite cikin otel ɗin Bell Rock, taurari biyu gare shi tun wajen shekara goma kafin na Florida ya samu ɗaya. Wanda ya je Turai ba sai ya ƙetare teku ba, daga Strasbourg ba nisa. A Dubai kuma Ossiano na Atlantis The Palm ya samu tauraro a 2022, shekarar da Michelin ta fara fitar da littafinta na Dubai. Teburorinsa suna fuskantar babban tankin kifi, kana ci kifaye na wucewa bayan gilashi.

Injiniyan Burja: Na karɓi gyara. Amma a ji wannan game da na Florida, tunda Hajiya ta tambayi yara: ba sa karɓar yaro ƙasa da shekara 10 sam. Kuma farashin da ke rubuce ba shi za ka biya ba. Da suka sake buɗewa a 2022 mafi ƙanƙanta dala 295 ne mutum ɗaya, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Ƙara harajin saye kashi 6,5 cikin ɗari, ƙara tukuicin ma'aikata kashi 18 zuwa 20, ka tashi wajen dala 370 ba ka sha komai ba tukuna. A Amurka tukuicin nan ba kyauta ba ce, albashin mai hidimar ne. In kun kai mutum shida a tebur, a Disney World su da kansu suke sa kashi 18 cikin takardar kuɗin. A karanta takardar kafin a ƙara wani, mutane da yawa sau biyu suke biya ba su sani ba.

A Faransa kuɗin hidima na cikin farashin, za ka ga an rubuta service compris. In ka ji daɗi ka bar Yuro 5 ko 10, in ba ka bari ba babu mai harararka. A otel-otel na Dubai akwai kashi 10 na hidima, kashi 7 na hukumar gari, kashi 5 na haraji. Ƙasan takardar abinci da ƙananan haruffa ake rubuta ko suna ciki ko ƙari ne.

Hajiyar Zariya: Madalla. To halal ɗin, wanda shi ya fi damuna.

Kukun Bagalam: Hajiya, naman alade da aka rubuta ɓaro-ɓaro ba shi ne matsala ba, kowa zai gan shi ya kauce. Matsalar na cikin abin da ba a rubutawa. In an soya nama, da giyar inabi ake wanke gindin kaskon a yi miya da ita. Miyar man shanu fara da ake zuba wa kifi, beurre blanc, da farar giya ake farawa. Risotto, dafaffiyar shinkafar Italiya, haka. Hantar agwagwa mai kitse, foie gras, sau da yawa an jiƙa ta da barasa kafin a dafa. Ganye da wake ana iya soya su da ƴan gutsattsarin alade da suke kira lardons, ba za ki gan su a sunan abincin ba. A kayan zaƙi, duk abin da ya daskare yana rawa, kamar panna cotta ko mousse, a tambayi jelatin ɗin, don a Turai mafi yawansa daga fatar alade ake yin sa. Baba au rhum kuwa sunansa ma ya faɗa, rhum barasa ce.

Kada a yarda da maganar "ai wuta ta ƙone ta". Alkaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna abin da aka kunna wa wuta a kasko yana riƙe kusan kashi 75 na barasar, wanda ya yi minti 15 yana tafasa kashi 40, sai bayan awa biyu da rabi take sauka zuwa kashi 5.

Yadda ake yi: a rubuta tun ranar kama tebur, ba ranar zuwa ba. Kalmomin su ne sans porc, sans alcool même en cuisson, sans gélatine de porc, wato ba alade, ba barasa ko a cikin girki, ba jelatin na alade. Sai a sake tunatarwa kwana biyu ko uku kafin ranar, sannan a faɗa wa mai hidima da baki da an zauna. Dalili shi ne romo da miya tun jiya aka haɗa su. In kin faɗa da ƙarfe 8 na dare, abin da kuku zai iya shi ne ya cire miyar ya ba ki kifi tsirara, kin biya cikakken kuɗi kin ci rabin aikin. In ya sani tun da wuri zai ware tukunya ya yi maki romon da ruwan inabi marar barasa ko lemun tsami.

Malamin Ali Ɗan Sofo: Allah ya saka, Kuku. In ƙara a kan yanka. Malamai sun saɓa game da naman mayankar Turai, wannan ba wurin warware shi ba ne, kowa ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Wanda yake son ya fita daga saɓani, hanya a buɗe take: ya nemi jerin kifi ko jerin ganye. A mazhabar Malikiyya da muke kai abin cikin teku duk halal ne. Kuma kada a ɗauka kalmar "ba alade" tana nufin halal, tambaya biyu ce daban. A Dubai naman da ake shigowa da shi yankan halal ne, abincin da ke da alade ko barasa ana sa masa alama, amma ana sayar da giya a gidajen abincin otel, za ka gan ta a teburin maƙwabcinka.

Sai lokaci. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai kusan ƙarfe 10 na dare. Wanda ya zauna ƙarfe 7 zai gama kafin magariba ko daidai da ita. A Disamba kuwa tun wajen ƙarfe 5 ta faɗi, sai a yi salla tukuna a zauna.

Uwar Ƴan Biyu: Malam ya taɓo inda abin ya fi ɓacewa, lokaci. Jerin faranti takwas awa biyu da rabi zuwa uku yake ci, ba a hanzarta shi, don kicin yana dafa na gaba ne sai an kwashe na baya. Yaron da ya yini yana tafiya da tsayuwa a layi tun ƙarfe 9 na safe, a faranti na uku zai yi barci a kan tebur ko ya fara kuka. Shawarata, Yaya Hajiya: ranar wannan cin a fita daga fili ƙarfe 3, a koma ɗaki, yara su yi wanka su kwanta awa guda, a ba su ɗan abu ƙarfe 5, a kama teburin farko na yamma. Ƙasa da shekara 7, ni a ganina asarar kuɗi ce, a kai su inda ake jera abinci kowa ya ɗiba, kamar Royal Banquet da ke cikin Disneyland Hotel, su ga masu shigar wasa su yi hoto su tashi.

Na biyu, wasan wuta na dare lokacin rufe fili ake yin sa. In teburinku ƙarfe 8 ne a otel, ku cire rai da shi a wannan daren. Kada a haɗa su rana ɗaya.

Alhajin Mokoyo: Wanga ita ce magana. Ku kai yara su ci su ƙoshi, ku aje sauran kuɗin.

Uwar Ƴan Biyu: Ban ce manya kada su je ba fa, Baba.

Ɗan Gulbi: Kama tebur. A Disneyland ta Paris wanda bai sauka a otel ɗinsu ba yana iya kamawa wata biyu kafin ranar, ta manhajarsu. Wanda ya kama ɗaki a otel ɗinsu ana buɗe masa tun da wuri sosai, shi ya sa in wata biyun ta zo sai ka tarar da lokuta masu kyau sun ƙare, saura ƙarfe 9 da rabi na dare. A Disney World kwana 60 ne, kuma na alfarma cikin mintoci suke cika. In ba a samu ba a riƙa leƙawa kwana biyu uku kafin ranar, lokacin ne masu fasawa ke sakin nasu.

Gidaje masu tauraro suna neman lambar katin banki, in ba ka zo ba ko ka fasa a makare su cire tara, wani wurin kuɗin abincin gaba ɗaya. Wannan ya shafe mu ƙwarai saboda biza. Tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024 neman bizar ya zama doguwar hanya, to a karanta sharaɗin fasawa, a rubuta ranar ƙarshe da ake iya fasawa kyauta. Kuma kada a sa teburin a daren sauka. Mutum ya yi kilomita sama da 600 daga Maraɗi zuwa Yamai, ya canza jirgi a Istanbul ko Kazablanka, jinkirin awa uku ya isa ya cinye teburin da tarar. In kun makara a ranar, wajen minti 15 suke jira, a kira su tun kana hanya.

Injiniyan Burja: A kan katin: sai mai alamar Visa ko Mastercard, na GIM-UEMOA zalla ba ya aiki a waje da yankinmu. A je banki kafin tafiya a ɗaga iyakar abin da ake iya cirewa a rana, don kuɗin otel da na abinci in sun haɗu rana ɗaya katin zai ƙi. Lambar tabbatarwa kuma ta saƙo take zuwa a layin Nijar, in layin ba ya kamawa a can biyan intanet ba zai wuce ba. In na'urar biya ta tambaye ka kuɗin da kake so a cire da shi, zaɓi na ƙasar da kake ciki, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada.

Hajiyar Zariya: Tufafi fa? Babbar riga da leshi suna shiga?

Uwar Ƴan Biyu: A na cikin fili kowa da kayan yawonsa yake shiga. A na otel masu tsada ana hana gajeren wando, silifa, rigar ƙwallo. Victoria & Albert's shigar biki suke so. Shadda mai aiki da leshi shigar alfarma ce, amma a ambata a saƙon kama tebur don kada a yi gardama a bakin ƙofa. Abin da ke kayar da mazanmu takalmi ne: babbar riga ta dubban jikka, ƙafa a buɗe. A sa rufaffe. Hannun babbar riga kuma a naɗe shi kan kafaɗa kafin a zauna, teburin cike yake da kofunan gilashi masu dogon wuya. Turare a rage, ba a son ya danne ƙamshin abincin maƙwabci.

Kukun Bagalam: Kan tebur ba wuya. Cokula daga waje ake farawa a shigo ciki, kuma a yawancin wuraren nan da kowane faranti suke kawo nasa. Burodinka na hagu, kofinka na dama. Mai son ci da dama ya yanka, ya aje wuƙa, ya mayar da cokali mai yatsu hannun dama, haka Amurkawa ma suke yi, babu mai kallonka. In ka gama, ka jera wuƙa da cokali gefe ɗaya a kan farantin, alamar a kwashe kenan.

Za a tambaye ka nunar nama. Saignant ja ne a ciki, à point ruwan hoda, bien cuit ya nuna sarai. À point na Faransa ga wanda ya saba da tsire da balangu ɗanye ne, to ka ce bien cuit kai tsaye. In jerin na da naman da kuku ba ya son ya ƙona, kamar ƙirjin agwagwa, ka nemi a canza maka da wanda aka daɗe ana dafawa har ya yi laushi. Tartare, carpaccio, ceviche, duk ɗanyu ne, mai ciki ta kauce musu da cukun ɗanyar madara. A Faransa entrée abin buɗe ciki ne, a Amurka kuwa babban farantin ake kira haka, kada a ruɗe.

Inda kuɗi ke zurarewa: da an zauna za a ce ruwa mai gas ko marar gas, duka biyun na kwalba ne na kuɗi, kuma suna ta buɗe sabuwa in ba ka tsayar ba. A Faransa ka ce carafe d'eau, ruwan famfo ne, kyauta ne bisa doka ga mai cin abinci. In mai hidima ya ce a ƙara maka kayan tsada irin su truffe ko caviar ko naman wagyu, tambayi nawa ne kafin ka gyaɗa kai, ƙari ne a kan farashin. Mai kula da giya zai zo, ka ce ba ka sha, ka tambaya ko suna da jerin abin sha marar barasa da ke bin kowane faranti. Shi ma da kuɗinsa.

Malamin Ali Ɗan Sofo: A nan ma a kula, abin da aka rubuta "marar barasa" wani yana da ɗan kaɗan da doka ta yarda a ƙyale. A nemi ruwan ƴaƴan itace ko shayi, an huta.

Alhajin Mokoyo: Yaji fa? Ko shi ma sai an rubuta takarda?

Kukun Bagalam: Babu shi Baba, wannan kam ka yi haƙuri. Barkononsu na Espelette ƙamshi ne, ba zafi. Kana iya tambaya a kawo, amma ka ɗanɗana tukuna. Kuma kada a ce za a yi guzurin kilishi don cike gurbi: Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da madara cikin kayan matafiyi daga waje, a filin jirgi za a karɓe. Garin yaji busasshe ba nama ba ne, shi yana wucewa, sai a bar shi a ɗaki don abincin rana.

Uwar Ƴan Biyu: Abu ɗaya da aka tsallake. Yaron da gyaɗa ko riɗi ko ƙwai ko madara ke tayar wa ƙaiƙayi ko kumburi, a faɗa daban, kada a cusa shi cikin maganar halal. Dokar Turai ta tilasta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 irin waɗannan, kuma kalmar allergie tana sa kicin ya canza katako da wuƙa da kasko. Amma kada a yi ƙaryar allergie don kawai ba a son albasa, za su cire rabin jerin.

Hajiyar Zariya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tambaya ta ƙarshe: wanda bai sauka a otel ɗin wurin ba, ya kwana cikin Paris, yaya komawa bayan an tashi?

Ɗan Gulbi: Jirgin ƙasa RER A daga tashar Marne-la-Vallée–Chessy, tana bakin ƙofar filin, wajen minti 40 zuwa tsakiyar Paris. A duba lokacin jirgin ƙarshe na wannan daren tun da rana, musamman a watannin zafi da suke gyaran layin. Tebur na ƙarfe 9 da rabi in an ƙara awa uku ya wuce sha biyun dare, taksi kuma na kilomita 30 da ɗoriya ne. Mai kwana cikin gari ya kama na ƙarfe 6 da rabi ko 7.